Gida da shaguna a hili ɗaya a Sakkwato, ba tare da dogaro da esi ba

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya, shina da hili 50 ba 100 can wajen Tamaje, titi na yamma da hilin, shina son ya fidda shaguna uku ta gaba ya yi gidan iyali ta baya, kuma shi dai ba ya son irin gidan nan da in babu esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba a iya barci cikinsa. Wani ya ba shi shawarar bulon ƙasa, mutanen gida sunka ce haba, wa zai koma ginin laka a zamanin ga. Kuɗin hannunsa kuma ba masu yawa ba ne, shi ne yake tambaya ta ina zai kama.

To Malam, Allah ya sa albarka, ya nuna muna ranar tarewa. Ni zanen gini da duba aikinsa ne sana'ata, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne maganar bulon ƙasa ko na siminti ba ita ce ta farko ba, tana can ta uku ko ta huɗu. Zafin gida a garin ga ta sama yake fara shigowa, sai ta bangon yamma da na gabas, sai ta tagogi, in ka toshe waɗanga hanyoyin tun a takarda to ko da wane irin bulo ka yi aiki za ka ji bambanci a jikinka, in kuwa ka bar su a buɗe to komai tsadar bulon sai ka nemi esi. Tun ran gini ran zane.

Bari mu fara da rana. Sakkwato na wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka tsakar rana kusan bisa kanmu take, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ta ɗan karkata arewa, sauran shekara tana ta kudu. Abin da wannan ke nufi ga mai gini shi ne bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa, bakin kwano kaɗai ya isa ya yi musu inuwa tunda rana daga sama take duka. Bangon gabas da na yamma su ne matsala, rana na kwantawa ta shigo ta ƙarƙashin bakin kwanon ta dafa bango kai tsaye, kuma na yamma ya fi muni don lokacin da take dukansa, daga azahar zuwa la'asar sakaliya, zafin iskar gari ya riga ya haura digiri 42 a watan Afrilu da Mayu, bangon ya sha wuta ya ƙoshi sai bayan isha'i ya fara amayo maka ita cikin ɗaki. Kai kam ka yi dace ba ka sani ba. Tunda gefen 50 ɗin ne ke kallon titi, tsawon hilin daga yamma ya miƙe zuwa gabas, dogayen bangayen gidanka za su kalli kudu da arewa, shagunan kuma su zame wa gidan garkuwa ta yamma. Kar ka bari mai zane ya juya maka gidan a gicciye don kawai a ga fuskarsa daga titi. Ban-ɗaki da sito da makamantansu a tura su ƙarshen gabas da na yamma, ɗakunan kwana su samu arewa in da hali. Bakin kwano kuma ta kudu ya fito kamar santimita 90 zuwa mita 1, don a watan Disamba rana na sauka har kusan digiri 53 tsakar rana, ta arewa 60 ma ta wadatar. Kafinta zai ce maka 30 ta isa a rage kwano, ka ce masa a'a.

Yanzu rufi, nan ne nake son ka natsu don nan mutanenmu sunka fi zubar da kuɗi su sayo wa kansu wahala. Yayin da ake yi yanzu shi ne kwanon nan mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa ko mai tsakuwa-tsakuwa, a ɗaga shi tsololo har ya fi bangon gidan tsawo. Irin wanga rufi na ƙasashen da ƙanƙara ke zuba ne ko inda ake ruwa wata takwas, mu ruwanmu duka-duka milimita 600 zuwa 700 ne a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, mi za ka yi da tsololon rufi in ba ƙarin katako da ƙarin kwano da ba iskar farkon damina wurin kamawa ba. Baƙin kwano a ranar bazara shina iya wuce digiri 70, fari ko alminiyom marar fenti bai kusa da haka, kuma kuɗinsu ɗaya ko ma farin ya fi araha. Ka sa fari. Ƙarƙashinsa a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli ta hana zafi, amma a bar ɗan sarari tsakaninta da kwanon, in an manne su ba ta aikinta yadda ya kamata. Sannan abin da kusan kowa ke mantawa, sararin da ke tsakanin kwano da silin dole ya samu mashaƙa, a bar ƙofofin iska ta gefe biyu a sa musu raga saboda jemage da tsuntsaye, in ba haka ba zafin da ya taru nan bai da wurin zuwa sai ƙasa, kanka. Tsawon ɗaki daga daɓe zuwa silin kar ya gaza mita 3.3, layi biyu ne kawai na bulo ka ƙara.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Francis Kéré ɗan Burkina Faso da ya ci kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, makarantar firamare da ya yi a ƙauyensu Gando a 2001 ita ta fara fito da sunansa, kuma dabarar cikinta ke nan, silin na bulon ƙasa, sai ya ɗage kwano sama da shi bisa rodi ya bar iska na ratsa tsakani, kwanon ya zama rumfa kawai. Yanayinsu da namu kusan ɗaya ne. Haka in dekin za ka zuba, kar ka bar shi tsirara ga rana, kankare na riƙe zafi har asuba, ko dai a yi masa rumfar kwano a sama ko aƙalla a shafe shi da farin fenti. Kuma ko wane iri ka yi a ɗaure katakon rufin da rodi ko ƙarfen ɗauri da anka binne cikin kankaren saman bango, hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi kuma duk shekara sai ka ga kwanon wani a hilin maƙwabci. Masu ɓoye kwano cikin farafet, wato bangon da ake ɗagawa ya zagaye rufi, sun tsira daga iska, amma su kuma yoyo ke cinsu, don magudanar da ke ciki na cikewa da ƙurar hunturu da ganye, in za ka yi shi a faɗaɗa magudanar a fidda indararo manya kuma a hau a share kafin ruwan farko.

To sai bango, inda gardamar gidanka take. Mutanen gida ba su yi ƙarya ba, akwai dalilin da ya sa anka guje wa laka: yaɓe duk shekara, gara, gindin bango na zagwanyewa da damina, azarar giginya kuma ta yi wuyar samu. Amma kakanninmu ba wauta ta sa sunka yi gini da tubali ba, sun san makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, sun san laso na yaɓen hana ruwa, sun san bakan gizo mai ɗaukar rufin ƙasa, Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19 kuma har yau masu ilimin gini na zuwa kallonsa. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon zaure cikin gari wajen Kanwuri da tsakar rana ya san abin da nake faɗi. Sirrin kauri ne, bangon ƙasa mai kamar santimita 40 sai zafi ya yi awa goma ko fiye kafin ya ratsa shi, bulon siminti mai rami kuwa rabin haka ma bai kaiwa. Sai dai in gaya maka abin da masu tallan ginin ƙasa ba su cika faɗi ba, zafin da bango ya riƙe da rana bai ɓace ba, da dare yake sakinsa, kuma daren Afrilu a nan bai cika yin sanyi ba, shi ya sa mutanen dā ke fitowa tsakar gida su kwana. Don haka kaurin bango sai an haɗa masa da inuwa da kuma tagogin da za a buɗe da dare iska ta wanke ɗakin, shi kaɗai ba magani ba ne.

Bulon ƙasa na zamani ba tubali ba ne. Jar ƙasa ce ake tankaɗewa a zuba mata siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan yayyafa ruwa, inji ya matse ta da ƙarfi, a jera a lulluɓe da leda ana ba shi ruwa kamar sati biyu, a bar shi ya cika kwana 28 kafin a hau gini. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda anka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injinan buga shi, akwai kuma na kamfanin Hydraform da bulonsa ke shiga cikin juna ba sai da kwaɓi mai yawa ba. In kana son ka rufe bakin masu cewa ginin talaka ne, ka nemo musu hotunan masallaci da ɗakin karatu na Hikma da ke Dandaji a jihar Tawa nan Nijar, wanda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sunka zana anka gama a 2018, Hausawa 'yan'uwanmu ne ke sallah ciki, da wanga bulon anka yi shi. Su kalla su faɗi gaskiya.

Sharuɗɗansa dai ba wasa. Ƙasar sai an gwada, in yumɓu ya yi yawa bulon zai tsage, in yashi ya yi yawa ba zai kama ba. Fandisho na kankare ne ko dutse, a ɗaga shi santimita 45 zuwa 60 sama da ƙasa a shimfiɗa ledar hana damshi kafin bulon ƙasa ya hau, bakin kwano ya rufe shi da kyau musamman ta gabas inda ruwa ke duka, kuma a samu birkilan da ya taɓa yi, ba wanda zai koya a kanka ba. Maganar araha kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa rabin kuɗi ne. Ana samun sauƙi in ƙasa na kusa kuma ka bar bangon ba filasta ba fenti, amma in sai an ɗauko inji daga nesa don gida ɗaya tal, kuɗin mota da na masu aiki na iya cinye ribar. Dabara ita ce ka nemi maƙwabta biyu ko uku masu shirin gini ku haɗu ku kawo injin tare.

Ni hukuncina, gidan a yi shi da bulon ƙasa in gwaji ya yi kyau, shagunan kuma da bulon siminti da ginshiƙan kankare, don 'yan haya ba su tausayin bango, yau ƙusa gobe a fasa a sa kanta. Bulon simintin ma ka sayi simintinka a buga maka a hilinka kana gani, ana yin siminti nan Kalambaina tun 1967 don haka samunsa ba wahala ba ne, buhu ɗaya kar ya wuce bulo 30 mai inci tara, a yi ta ba shi ruwa sati guda. Wanda wasu ke bugawa na sayarwa sai su fidda 45 ko fiye a buhu, ka ɗaga shi ka saki ya zama gari. In bulon ƙasar bai yiwu ba gaba ɗaya, ba laifi, ka yi na siminti ka shafe waje da farin fenti ko farar ƙasa.

Tagogi kuwa, mai zamewar nan ta gilas da kowa ke sawa rabi kawai take buɗewa, ka biya kuɗin taga guda ka samu iskar rabi. Mai buɗewa waje ko luba mai falle-fallen gilas ta fi, kowane ɗaki ya samu biyu a bango daban-daban don iska ta shiga ta fita, da ƙananan mashaƙa can sama kusa da silin inda zafi ke taruwa. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ce gilas kar ya wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai in an yi masa inuwa, mu nan ma ni sai in ce ƙasa da haka ta gabas da yamma. Amma duk tagar da za a sa ta zama mai rufuwa ruf, don daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa kuma ba ta sallama. Tsakar gida ka bar ta, ko ƙarama ce, kuma don Allah kar ka malale ta duka da siminti ko intalok, shi ma zafi yake sha ya mayar maka da dare, ka bar ƙasa ka dasa dogonyaro ko mangwaro, nesa da fandisho da sokawe kamar mita 5 saboda saiwa. Katanga ma in ta matse gida ta yi tsawo ta kashe iska, a bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakani, layukan sama a yi su da bulo mai huji, sutura ta samu iska ta samu.

Shagunanka su za su sha ranar yamma a madadin gidan, to kar ka zalunci 'yan haya. Baranda mai zurfin mita biyu da rabi zuwa uku, amma ka sani bayan la'asar rana na shigowa ta ƙarƙashinta duk zurfinta, sai an ƙara da abin da ke tsaye, bulo mai huji daga saman barandar ya sauko kaɗan, ko asabari da ake saki da yamma, ko itatuwa biyu a bakin titi. Filazojin nan da ake yi fuskarsu duk gilas mai duhu suna kallon yamma, daidai suke da mota da anka rufe anka bari a rana, shi ya sa za ka ga mai shago ya biya haya mai tsada amma shina zaune waje bisa benci, ko kuma ribarsa na tafiya ga man janareta. Kowane shago a yi masa mashaƙa a bangon baya can sama inda ido bai kaiwa cikin gida. Bangon da ke tsakanin shago da shago, da wanda ke tsakanin shaguna da gida, a kai shi har ya taɓo kwano, kar a tsaya iya silin, don wuta ta cikin silin take gudu, wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta Janairun 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wayarin a sa waya mai kyau cikin bututu, kowane shago da mitarsa, ban-ɗakin 'yan haya a waje ba ruwansa da ƙofar gida. In kana da niyyar ɗora bene ko nan da shekara goma ne, ka faɗi yanzu injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta ƙasa, ya lissafa fandisho da rodi, ɗora bene bisa ginin da ba a shirya masa ba shi ke kashe mutane. Kuma kafin ka haƙa komai ka kai zanen hukumar tsara birane ta jiha su gaya maka tazarar da za ka bari daga titi, kar ka gama a zo a shafa maka jan fenti.

Ruwa ma a taɓa shi kaɗan. Garinmu busasshe ne amma mutanen Mabera sun san abin da ruwan awa biyu ke yi, kuma ba a manta ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a ba. Ka je ka ga hilinka cikin watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ko ka tambayi waɗanda sunka riga ka zama, daɓen gida da na shago ya fi titi tsawo, har ka yi lissafin ranar da za a zuba wa titin kwalta ya ƙara tashi. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya na kwano, rufi mai murabba'in mita 150 na zubar da wajen lita 90,000 a damina, ko tanki biyu ka sa ka rage sayen ruwan 'yan garuwa na wanki da ban-ruwan itace. Sokawe da bohol a raba su, ɗaya wannan ƙarshe ɗaya wancan, kar tazarar ta gaza mita 15, ka kuma leƙa ka ga inda maƙwabci ya sa nasa.

Sola ita ce ta ƙarshe, da gangan na bar ta baya, don mutane da ita suke farawa. Fanka na cin wat 60 zuwa 75, esi mai doki ɗaya da rabi na cin sama da wat 1,000, gidan da fanka ta isar masa ƙaramar inbata da faranti kaɗan sun riƙe shi, gidan da sai da esi uku kuwa kuɗin batiransa kaɗai sun gina shago. Ba zan yi maka alkawarin ba za ka taɓa son esi ba, makonnin nan na ƙarshen Afrilu zuwa saukar ruwa sai haƙuri, don haka ka ware ɗaki ɗaya madaidaici ta arewa mai rufuwa da kyau ka ja masa waya ka ajiye, ranar da hali ya samu ka sa guda ɗaya mai inbata. Farantan su kalli kudu a ɗan kishingiɗe kamar digiri 13 zuwa 15, a wurin da yaro zai iya hawa ya goge su don ƙura na rage musu ƙarfi sosai, batir kuma a ɗaki mai iska, zafi na rage masa kwana. Akwai cibiyar binciken makamashi a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun daɗe kan harkar hasken rana, ba laifi ka leƙa ka yi tambaya.

In kuɗi sunka yi kaɗan, tayil da fi-o-fi da ƙaton get duk suna iya jira, daɓen siminti mai santsi bai hana barci, amma fandisho da tsawon ɗaki da rufi ba a komawa gyaransu sai da asara. Ka fara da shagunan ka rufe su, hayarsu ta riƙa taimakon bulon gida. Satin ga kuma ka yi abu ɗaya, ka haƙa rami kamar kamu biyu a hilin ko inda kake sa ran ɗebo ƙasa, ka zubar da ta sama mai ciyawa, ka cika kwalba mai haske zuwa rabi da ta ƙasan, ka ƙara ruwa da ɗan gishiri ka girgiza sosai ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta ƙasa, laushin ya biyo, yumɓu ya zauna sama. In yashin ya kai kashi biyu cikin uku, yumɓun kuma bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, to akwai alamar ƙasar za ta yi, sai a buga bulo goma na gwaji, su cika kwanakinsu, a jiƙa biyu cikin bokiti kwana guda a gani kafin ka kira mai inji.